Ni na ga masoyi, yayata ta ga mugu: laifin salula ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar Tawa ce, ina sana'ar ɗinki a gida. Wata gardama ce ta haɗa ni da yayata da ke aure a Yamai, har mun kwana biyu ba mu kira juna ba. Akwai wani fim na tele mai dogon zango, na ƙasar waje, da muka kalla kusan lokaci guda. Ita a babbar tele ta gidanta, ni kuma a salula. Wani yaro mai tura finafinai a kasuwa ne ya zuba mini shi duka a katin memuwar, kowane kashi na minti 45 bai wuce mega 60 ba. Labarin wani mutum ne da ya ga wata mata sau ɗaya ya kasa cire ta a ransa, ya kama haya daura da gidanta, yana bin ta duk inda ta sa ƙafa, kuma shi ke ba mu labarin da bakinsa. Ni dai tausayinsa na ji, na ce so ne ya yi masa yawa, kuma ita ma tana sonsa tunda a wurin cin abinci ta yi masa murmushi. Yayata ta ce wane irin murmushi, ai na tsoro ne. Ta kuma ce a daren da matar ke waya cikin ɗaki, yana nan tsaye bayan labule. Malam, na maimaita wurin sau uku, wallahi duhu kawai na gani. Shin rashin kyawun hoto na iya juya ma'anar fim har haka, ko yayata ce ke ƙara gishiri?

AMSA

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Ki ɗauki waya ki kira yayarki ku shirya. Ba ta ƙara gishiri ba, ke ma ba ki yi ƙarya ba. Sunan fim ɗin ɗaya ne, amma abin da ya shiga idonki daban, wanda ya shiga nata daban. Sana'ata haɗa hoto ce, wato montaj, a nan Yamai, kuma adadin nan da kika ambata, mega 60, shi ya ba ni rabin amsar tun kafin in gama karanta saƙonki.

Hoton bidiyo ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera, ana ce musu fiksel. Kyakkyawan kwafi, wanda ake rubuta wa 1080p, yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla miliyan 2 da ƴan kai a kowane hoto guda. Kashi ɗaya na minti 45 a wannan inganci yakan ci jiga ɗaya ko fiye. Wanda aka matse har ya dawo mega 60 galibi 240p ne, wato ɗigo 426 a kwance, 240 a tsaye, wajen dubu 102. Cikin kowane ɗigo 20 da masu fim suka ɗauka, 1 aka bar miki. Tunda ke maɗinkiya ce: a ba ki zanen surfani na wuyan riga, a ce duk inda aka soka allura sau ashirin ke ki soka sau ɗaya. Babbar fulawar za ta fito, daga nesa kowa zai gane ta. Ƙananan jijiyoyin ganye kuwa, waɗanda su ke nuna hannun gwana, ko ɗaya ba zai tsira ba.

Ba kowane fim wannan ke kashewa ba. Wasan barkwanci, wa'azi, waƙa, duk suna rayuwa lafiya a 240p, don abin da ake nema a cikinsu magana ce da babban motsi. Marigayi Mustafa Alasan, mai shirya finafinai ɗan Nijar, wanda ya yi shekaru da yawa zaune a garinku Tawa, fim ɗinsa na zanen kwaɗi na 1966 ko a ƙaramar salula kika kalle shi ba abin da zai ɓace miki, zanen mai sauƙi ne. Fim ɗin ƙulafuci da bibiya kuwa, kamar da gangan aka gina shi da kayan da matsi ke fara zubarwa.

Mu fara da murmushin, tunda a kansa kuka fi sa-in-sa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma wane ɓangare na fuskar? Wani likitan jijiyoyi Bafaranshe, Duchenne, ya nuna tun 1862 cewa murmushi iri biyu ne. Akwai na baki kaɗai, wanda kowa ke iya yi wa baƙon da bai so zuwansa ba. Akwai wanda naman kewayen ido ke shiga ciki, kumatu su ɗaga, gefen ido ya tattare. Ƴar wasan da ta san aikinta, in aka ce ta yi murmushin tsoro, bakinta za ta buɗe ta bar idanun a bushe, wataƙila ta ɗan saci kallon ƙofa. Yanzu ki yi lissafin da ni. A ce fuskarta ta cinye kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin hoton. A telen yayarki wannan layi 270 ne, ido kaɗai zai samu layi ashirin da wani abu, har ƙyallin hawayen da bai zubo ba ana iya gani. A salularki fuskar duka layi 60 ce, idon bai wuce ɗigo biyar ko shida ba. Haƙora farare ne, suna da faɗi, sun bambanta sosai da fata, don haka matsi ba ya iya shafe su. Idon ya koma ɗan baƙin tabo. An ba ki rabin murmushin da ke cewa "ina farin ciki", an ɗauke rabin da ke cewa "ku cece ni". Wa zai ga laifinki?

Mutumin bayan labule kuma, nasa ya fi wannan muni, don abubuwa da yawa suka taru a kansa.

Bidiyo hotuna ne 24 ko 25 ke wucewa a kowane sakan. Da za a ajiye kowanne cikakke, da katin memuwar ɗinki ko kashi ɗaya ba zai ɗauka ba. Dabarar da ake amfani da ita, irin ta H.264 da aka kammala a 2003 kuma har yau ita ta fi yawa a wayoyinmu, ita ce a ajiye hoto ɗaya cikakke, sannan ga waɗanda ke biye a rubuta abin da ya canza kawai. Ana yanka hoton gida-gida, murabba'i masu ɗigo 16 kowane gefe, na'ura ta duba kowane gida ta yanke hukunci: wannan ya motsa ko bai motsa ba? In an ba ta wuri mai yawa, ko ɗan numfashin labule za ta rubuta. In an ƙuntata mata, kamar yadda aka yi wa naki, duk canjin da bai kai ya kawo ba sai ta ce a maimaita na baya. Mutumin da ke laɓe, aikinsa ke nan kada ya motsa sosai. Ya ɓuya wa matar da ke cikin fim, sai ya ɓuya wa na'urar ma.

Sai duhun kansa. Tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, bidiyon da muke kallo yana da matakan haske 220 ne kacal. Fitowar dare tana zaune a ƴan matakan ƙasa, kuma bambancin rigar mutumin da inuwar labulen zai iya zama mataki uku ko huɗu. Matsi mai tsanani yana haɗe matakan da ke kusa da juna ya mayar da su ɗaya. Shi ya sa a irin waɗannan kwafi za ki ga dare ya zama faci-faci, kamar bangon da ruwan damina ya jiƙa. Wannan matsala har manya ta taɓa kamawa. A Afrilun 2019 masu kallon Game of Thrones, wani shahararren fim mai dogon zango, a duniya sun yi ta ƙorafi cewa ba su ga komai ba a wani kashi na yaƙin dare, mai ɗaukar hoton, Fabian Wagner, ya ɗora laifin a kan matsin da ake yi wa hoto wajen watsawa, da saitin telen mutane, da kallo cikin ɗaki mai haske. Su fa masu intanet mai ƙarfi ke nan. Ina ga wadda ke kallo a tsakar gida da hasken ranar Adar, yankinku na Tawa, ta kuma rage hasken gilashin waya don kada caji ya ƙare kafin a kawo wuta?

Akwai kuma abin da ba matsi ba ne, almakashi ne. Yawancin kwafin da ake ɗorawa a YouTube ba da izini ba, masu ɗorawa kan zuƙo hoton su yanke gefuna, wani lokaci su juya dama ta koma hagu, don kada na'urar da ke farautar satar fasaha ta gane shi. Sannan a liƙa tambari a kusurwa, a bi ƙasa da lambar waya mai gudu. Darakta kuwa ba ya ajiye mai laɓe a tsakiyar hoto, a gefe yake ajiye shi, inda ido zai tsinkayo shi a makare gaba ya faɗi. Zai yiwu mutumin nan ba duhu ne ya haɗiye shi ba, an yanke shi ne tun kafin fim ɗin ya iso Tawa.

Ni kaina na taɓa ƙonewa da wannan. Na haɗa wani gajeren wasan kwaikwayo, a ciki yarinya na roƙon gafara a zaure da magariba, uwarta na zaune cikin inuwa ta juya mata baya. Na yi kwana biyu ina daidaita inuwar nan don uwar ta fito kaɗan-kaɗan, ina jin kaina gwani. Bayan wasan ya zagaya a WhatsApp, wata gwaggona ta kira ni tana tambaya wane aljani ne ya shiga yarinyar take magana da bango.

Amma in za a tambaye ni wace asara ce ta fi juya miki labarin, zan ce ta kunne ce, kuma ita ce mutane ba sa lura da ita. Irin waɗannan finafinai suna da wani kiɗa da ba a jin sa a matsayin kiɗa, wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa da ake shimfiɗawa ƙarƙashin maganar mutumin. Yana faɗin kalamai masu daɗi, gurnanin na gaya wa cikinki kada ki yarda. Lasifikar salula ƙanƙanuwa ce, ba ta iya fitar da sauti mai zurfi irin wannan, ko da yana cikin fayil ɗin. Muryar ɗan Adam kuwa a tsakiya take. Layin tarho na da, tsakanin hez 300 zuwa 3400 kawai yake ɗauka (hez shi ne ma'aunin zurfi ko kaifin sauti), amma ana jin magana sarai. Wato murya ita ce abu na ƙarshe da ke mutuwa. In kuma kwafin mai fassarar Hausa ne, asarar ta ninku, domin sai an danne sautin asali kafin a ɗora muryar mai fassara, shi kuma yana da nasa ra'ayin a kan waye abin tausayi.

Ki haɗa su yanzu. Marubutan irin wannan labari suna ba mai ƙulafuci baki ya kare kansa, kuma suna sa shi ya iya magana, don su ja ki cikin kansa. Sannan su kafa masa shaidu masu ƙaryata shi: idon matar, inuwar bayan labule, gurnanin kiɗa, hannunta da ke rawa a kan kofi, bayan hoto da aka dusashe da gangan don a nuna ba ya ganin kowa a duniya sai ita. Daɗin fim ɗin yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da yake faɗa da abin da kike gani. Kwafinki ya kori shaidun duka daga kotu, ya bar wanda ake ƙara shi kaɗai yana bayani. Ko dusashewar bayan hoto ta daina magana, don inda komai ya dusashe ba a gane wanda aka yi da niyya. Alƙalin da ya saurari ɓangare ɗaya, hukuncinsa sananne ne.

Kuma ƙwaƙwalwa ba ta barin gurbi. Wajen shekaru ɗari da suka wuce, wani mai fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya cikin akwati, ya sake haɗa ta da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Duk mai koyon montaj da wannan ake fara masa. Fuskar da matsi ya goge ta zama fuskar Kuleshov: babu komai a kanta, sai abin da ke kusa ya cika ta. A salularki, abin da ke kusa shi ne muryar mutumin yana cewa tana sonsa.

To, ƴar'uwa, a nan zan ɗan taɓa ki, ki yi haƙuri. Salula ba za ta ɗauki laifin duka ba. Ke da kanki kika rubuta mini cewa ya kama haya daura da gidanta kuma yana bin ta duk inda ta sa ƙafa. Wannan ko a 144p ana ganinsa. Kin gani, kika kira shi so. Ba ke kaɗai ba ce, da yawanmu haka muka tashi. Muna yabon naci a neman aure. Saurayin da aka kora sau goma ya dawo na goma sha ɗaya, a fada cewa ake yi namiji ne, mai nema yana tare da samu. Yarinya ta ce ba ta so, a ce kunya ce, za ta sauko. Waƙoƙin soyayyarmu cike suke da wanda ba ya ci ba ya barci, wanda zai mutu in bai samu ba, kuma da shi ake tausayawa. Da hoto ya bar miki gurbi, da wannan kika cike shi. Har cikin masu kallo a babbar tele akwai waɗanda ke faɗawa tarkon irin wannan jarumi, don an zaɓo kyakkyawa mai taushin murya da gangan. Bambancin kawai, su fim ɗin yana ta zungurinsu su farka, ke kuwa an cire miki tsinken.

A ganina fahimtar yayarki ta fi kusa da abin da masu fim suka nufa. Ba don ta fi ki basira ba, ita an kai mata saƙon da ambulan ɗinsa a rufe.

Wani abin mamaki, mummunan hoto ba kullum yake sanyaya fim ba, wani lokaci ƙara masa dafi yake. Idonmu ya saba ganin hoto mai faci-faci a wuri biyu: kyamarar tsaro ta shaguna, da bidiyon da aka ɗauka a ɓoye aka watsa. Don haka fitowar da aka ɗauko mace daga nesa, ta taga ko daga cikin mota, a ƙaramin kwafi takan yi kama da abin da ya faru da gaske, mai kallo ya ji kamar shi ne ke leƙen. Haka kuma gidajen nan masu ɗigo 16 sukan yi ta motsi cikin duhu su kaɗai duk lokacin da aka sabunta cikakken hoto, sai wani ya rantse ya ga mutum a inda babu kowa. Da za ki tambayi maƙwabtanki da suka karɓi fim ɗin a wurin yaron nan, ba mamaki ki samu wadda ta ga mai laɓe a fitowar da darakta bai sa shi ba.

Kada ki je ki yi wa yaron faɗa a kan Xender, manhajar nan ta tura fayil daga waya zuwa waya. Xender da Bluetooth kwafa suke yi, ba sa rage komai, abin da ya shiga shi ke fita. Inda ake asara shi ne duk lokacin da aka sake matse fim: wanda ya sauke shi a ƙaramin inganci don tattalin mega, wanda ya rage shi don kashi da yawa su shiga kati ɗaya, wanda ya tura shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo. Kowane zagaye yana cin nasa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, ko da wani ya sake kumbura fayil ɗin ya rubuta masa HD. Yaron ma kasuwa yake bi, ya san in ya ce kashi biyu kaɗai katinki zai ɗauka, wurin na kusa da shi za ki koma.

Ba sai kin sake kallon fim ɗin duka ba, ba kuma sai kin yi tafiyar kilomita fiye da 500 zuwa Yamai ba. Fitowa biyu ce ke tsakaninku. Ki ce wa yaron ya nemo miki waɗannan kashi biyun kaɗai a 720p, ki duba nauyinsu kafin ki biya: na minti 45 in bai kai mega 300 ba, ki ce ya sake nema. In wani ne zai turo miki ta WhatsApp, ya tura a matsayin dokima, ta nan ba a taɓa fayil. Kada yayarki ta ɗauki gilashin telenta da waya ta turo miki, wannan ya fi wanda ke hannunki lalacewa. Ki bari sai bayan isha'i, ki kashe fitilar ɗaki, ki ƙure hasken gilashi, ki sa abin saurare a kunne biyu, ko mai arha ne ya fi lasifikar wayar nesa ba kusa ba. A fitowar labule ki bar kallon matar, ki bi gefunan hoton da ido. A ta wurin cin abinci kuma ki sa babban yatsa ki rufe bakinta, ki kalli abin da ya rage na fuskar.